Mailafiya da Shafin Mutanen Miga

Sunansa na yanka Ahmadu, amma tun yana ƙaramin akawu aka laƙaba masa Mailafiya, saboda ba a taɓa jin kansa da kowa ba. In babba ya yi masa tsawa a ofis, sai ya ce, "To, ranka ya daɗe," ya koma kan tafiretarsa kamar ba da shi aka yi ba. Haifaffen Miga ne, ɗan Malam Izzuddeen mai makaranta a bayan kasuwa. Ya sauke Alƙur'ani a gaban mahaifinsa, ya yi firamare, sannan wani kawunsa ya kai shi Kano ya koyi buga tafireta da ajiyar fayil. Shekara goma sha takwas ya yi yana aiki a wata ma'aikata a can, har ranar da aka ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991, aka ce duk ɗan jihar ya tattara nasa ya nasa ya nufi Dutse.

Dutse ta wancan lokacin ba ta shirya wa baƙi ba. Duwatsu ne da dabinai da 'yan unguwanni, sai ga ma'aikata sun sauka kamar fari. Ofishinsu Ahmadu na farko wani tsohon sito ne, tebur huɗu mutum goma sha ɗaya. Da yawa daga abokan aikinsa suka ƙi tarewa, kullum su taso daga Kano da safe su koma da yamma. Shi kam ya ce jikinsa ba na hanya ba ne. Ya samu ɗaki biyu a Limawa, a wani gida mai dabino a tsakar gida, ya ɗauko matarsa Kaltumi da 'ya'yansu uku. Babban cikinsu namiji ne, shi ya ci sunan kakansa, Izzuddeen. Sai Amina da ƙanwarta.

Ba a daɗe ba mutanen Miga da aiki ya tara a Dutse suka kafa ƙungiya, suka ɗora wa Ahmadu sakatare, tunda shi ne mai tafireta. A nan ya ƙirƙiro abin da aka fi saninsa da shi. Duk ƙarshen wata sai ya hau mota ta Kiyawa da Jahun ya je gida, ya zauna a ƙofar gidan mahaifinsa, ya ji wa aka haifa, wa ya rasu, gonar wa ruwa ya ci, wa ya samu kujerar Makka. Ya dawo Dutse ya buga a sitansil, takardar nan mai kaki da ake sa wa injin gurza takardu, ya gurza kwafi sittin. Tafiretar ba ta da ɗ da ƙ da ɓ, sai ya bi da tsinin allura yana yi wa kowane harafi ƙugiyarsa, don ya ce bai yarda a karanta ƙasa a matsayin kasa ba. Ya sa wa takardar suna Labarin Gida. Direbobi ke kai ta Kano da Jos da Legas da Fatakwal, duk inda ɗan Miga ya je neman abinci. Akwai masu ninke ta su ajiye cikin aljihu har ta yage.

Izzuddeen ya gama sakandare a 1995. Shekara uku yana zana jarrabawa yana jiran gurbin karatu, abin bai yiwu ba. Ahmadu ya ga zaman ya yi yawa, sai ya shiga bin manya da gaisuwa, yau gidan wannan gobe ofishin wancan, har Allah ya sa aka ba yaron aikin masinja a wata ma'aikata. Ya dawo gida bayan la'asar da takardar a hannu, fuskarsa kamar gonar auduga. Ya kira ɗansa gindin dabinon ya miƙa masa.

Izzuddeen ya karanta, ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Akwai abokaina da za su tafi Libiya bayan salla, na yi niyyar bin su."

"Libiya? Ga aiki a hannunka?"

"Baba, ni ba zan iya shekara talatin ina ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan ba."

Yaron bai yi nufin gori ba, amma maganar ta sauka inda ba ta kamata ba. Ahmadu ya tuna ƙofofin da ya tsuguna a bakinsu wata bakwai saboda wannan takarda. Mutumin da aka shekara ashirin da wani abu ana yi wa tsawa bai tanka ba, ranar sai bakinsa ya kuɓuce.

"To, tafi," in ji shi. "Amma in ka tafi kada ka rubuto mini. Mai ɗaukar fayil ba ya bukatar wasiƙarka."

Bayan babbar salla ta 1998 Izzuddeen ya tafi. Ya durƙusa ya yi wa mahaifinsa sallama, Ahmadu ya ce, "Allah ya kiyaye hanya," bai ƙara ko kalma ba. Wata biyu bayan haka wasiƙa ta zo daga Agadas, da sunan Kaltumi a bayanta. Ita ba ta karatun boko, saboda haka Ahmadu ne ya karanta mata. Tun daga sama har ƙasa babu inda aka ce Baba, sai dai a ƙarshe, "A gaida mutanen gida." Wata wasiƙar ta sake zuwa daga Sabha, ba adireshi. Daga nan sai shiru.

Kaltumi ba ta taɓa buɗe baki ta ce masa laifinsa ne ba. Ɗan fari ne, ga shi da sunan surukinta, saboda haka ko sunansa ba ta kamawa, sai dai ta ce yaron nan. In mota ta tsaya a bakin layi sai ta dakata da daka, taɓarya a sama, har ta ji motar ta wuce. Ahmadu yana ganin duk wannan. A ofis yana nan Mailafiyarsa, yana bugu yana murmushi, amma in aka kawo jakar wasiƙu sai ya ƙirƙiro dalilin wucewa ta gaban teburin da ake rarraba su.

A shekarar 2000 aka ƙaddamar da shari'a a jihar. Gari ya cika da kabbara da farin ciki, Ahmadu ma ya je taron da farar rigarsa. Ba a yi wata biyu ba ya ji a rediyo an yi rikici a Libiya tsakanin 'yan ƙasa da baƙi, ana kwaso 'yan Najeriya ana dawowa da su. Sau uku yana zuwa Kano yana bin tashoshi, yana duba fuskokin samarin da suka dawo da 'yan ƙullin kayansu. Duk wanda ya tambaya sai ya girgiza kai. A zuwa na uku ya hango wani daga baya, tsayin ɗaya, tafiyar ɗaya, ya bi shi da sassarfa har bakin titi. Da mutumin ya waiwayo, sai Ahmadu ya ce, "Yi haƙuri, ɗana, kama ce."

Haka aka tafi har farkon 2003. Wata ranar Talata wani mutum ya shigo ofis neman a buga masa takarda. Sunansa Umar, mutumin Taura ne, bai fi wata uku da dawowa daga Libiya ba. Yana jira sai idonsa ya faɗa kan Labarin Gida da ke gefen tebur.

"Baba, kai ɗan Miga ne? Ai na zauna da wani ɗan Miga a Turabulus. Dogo, mai ɗan tabo a gira. Izzu muke ce masa."

Yatsun Ahmadu suka tsaya a kan tafireta. Ya san tabon nan, shi da kansa ya ɗauki yaron zuwa asibiti ranar da ya samo shi, faɗowa ya yi daga kan katanga yana ɗan shekara shida.

"Yana raye?"

"Bara war haka dai lafiyarsa ƙalau, yana koyon walda. Daga baya ya bar garin, ban san inda ya nufa ba."

"Yana maganar gida?"

Umar ya yi dariya. "Baba, wa ba ya maganar gida a can? Duk Juma'a in an sauko masallaci sai mu tafi shagon intanet, mu haɗu mu huɗu a kan kwamfuta ɗaya. Kowa ya rubuta sunan garinsu ya ga ko wani abu zai fito. Shi kullum Miga yake rubutawa, ba abin da ke fitowa. In ma mun samu shafin da ke labarin Najeriya, in dai mai hotuna ne da yawa, har lokacinmu ya ƙare bai gama buɗewa ba. Layin can kamar hawainiya yake."

Ahmadu ya gama buga masa takardar, ya raka shi har bakin titi, abin da bai taɓa yi wa wani mai neman takarda ba. Da aka tashi aiki bai nufi gida ba, sai ya wuce shagon Malama Karima.

Karima 'yar wani amininsa ce da suka yi aiki tare a Kano, ya rasu tun kafin a raba jiha. Ta karanci kwamfuta, ta yi aure, tana da 'ya'ya uku, ita da mijinta Hashimu suka buɗe shagon intanet a kan hanyar sakatariya. Tun da aka fara shari'a suka rataya labule a tsakiyar shagon, maza dama mata hagu, teburinta kuma a bakin labulen inda take ganin ɓangare biyun. Da ta gan shi ta miƙe.

"Baba, yau kai ne a shagonmu? Lafiya dai?"

"Lafiya lau, 'yata. So nake in mutum yana wata ƙasa ya rubuta Miga a cikin abin nan, ya ga wani abu ya fito. Yana yiwuwa?"

Ta ce yana yiwuwa, shafi za a buɗe. Ya ce to, Labarin Gida yake so a zuba a ciki. Bai gaya mata dalili ba, ita ma ba ta tambaya ba, don duk wanda ya san gidan ya san wa ya tafi.

Ya kai maganar gaban ƙungiya. Shugabanta, Alhaji Abdulƙadir, ɗan kwangila ne mai son abu ya yi armashi. Nan take ya amince, ya ce shi zai ɗauki nauyi, amma da sharaɗi: shafin Miga ya fi na kowace ƙaramar hukuma kyau. A sa hoton hakimi da na shugabannin ƙungiya, a sa tuta tana kaɗawa, in da hali har da sauti.

Sati biyu Karima tana nema tana gwadawa, sannan ta kira Ahmadu ta zaunar da shi gaban kwamfuta. Ta ce hanya uku ce. Ta farko, ita ta riƙa gina kowane shafi da hannunta, duk labarin da ya samu ya kawo mata ta sa. Ahmadu ya ce a'a, mai 'ya'ya uku da shago ba za a ɗora mata wannan ba, kuma ranar da ta yi tafiya shike nan labari ya kwana. Ta biyu wata babbar manhaja ce mai ɗauke da komai, wurin hotuna, zauren hira, ƙuri'ar jin ra'ayi, rajistar mambobi, kala-kala. Ta buɗe masa ita, ya ga maɓallai sun fi arba'in, duk da Turanci, kansa ya ɗaure. Ta uku kuwa 'yar ƙarama ce. Akwati ɗaya na kan labari, akwati ɗaya na labarin, maɓalli ɗaya na aikawa. A ƙasan kowane labari akwai inda mai karatu zai bar saƙo. Baƙin rubutu a kan fari, ba ado ko kaɗan.

"Baba, waccan tirela ce," in ji Karima. "Tana ɗaukar kaya da yawa, amma sai da kwalta mai kyau. Wannan kuwa keke ce, ko burtali ta samu za ta bi."

"In layi ba shi da ƙarfi fa, wacce ke fara buɗewa?"

"Ƙaramar mana, nesa ba kusa ba. Sai dai Alhaji ba zai so ta ba."

Haka kuwa aka yi. Ranar Asabar bayan la'asar shugabannin ƙungiya su biyar suka hallara a shagon. Karima ta nuna musu babbar, da tutarta tana kaɗawa da hoton Alhaji cikin babbar riga. Alhaji ya shafa gemu ya ce madalla. Da ta nuna ƙaramar sai ya yamutsa fuska.

"Wannan ai takardar Mailafiya ce aka manna a gilashi. Mutanen Jahun su gani su yi mana dariya?"

Limamin ƙungiya ya ce shi dai zauren hirar nan ne bai kwanta masa ba, wa zai tsare abin da maza da mata za su riƙa rubutawa a ciki? Wani ya ce ai ana iya rufe zauren a bar hotunan. Magana ta fara karkata wajen babbar. Ahmadu, wanda a shekara goma sha ɗaya na sakatarci bai taɓa musa wa shugaba ba, sai ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, ina roƙon a gwada abu ɗaya. Layin shagon nan mai ƙarfi ne. Mutanenmu da ke nesa ba irinsa suke samu ba. A jona da layin tarho a buɗe su mu gani."

Karima ta cire waya ta jona wata. Kwamfutar ta yi 'yan ƙararrakinta kamar ana yanka zakara, sannan ta kama. Aka fara da babbar. Ahmadu ya zaro carbinsa yana ja. Ya zagaye shi sau ɗaya, ba abin da ya fito sai shuɗin zane a sama. Ya sake zagayewa, hular Alhaji ta bayyana da rabin goshinsa. Ana cikin na uku layin ya yanke. Wani ya ƙyalƙyale da dariya, ya yi sauri ya mayar da ita tari. Aka sake jonawa aka kira ƙaramar. Ahmadu bai kai ƙwaya ta goma sha biyu ba sai ga rubutu ya cika gilashin: an yi ruwa a Miga ranar Laraba, an fara shuka.

Alhaji ya juyo wajen Ahmadu. "Mailafiya, tun da nake da kai ban taɓa ganin ka kafe a kan abu ba. Mene ne a ciki?"

Ahmadu ya dubi ƙasa. "Ranka ya daɗe, yaron wajena ne. An ce mini duk Juma'a yana shiga irin wannan shago a can inda yake, yana rubuta sunan garinmu. Lokacin da ake ba su kaɗan ne. Ina tsoron kada ranar da ya same mu, lokacinsa ya ƙare yana kallon hula."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Alhaji ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Shi ma yana da ƙane a Sudan da aka shekara tara ba a ji ɗuriyarsa ba. "A sa ƙaramar," in ji shi. "Hoton nawa a ba ni in rataya a falo."

Koyon bai zo wa Ahmadu da wuya ba, tunda yatsunsa sun san inda kowane harafi yake, sai dai yana dukan maɓallan da ƙarfin tafireta har Hashimu ya roƙe shi ya sassauta. Abin da ya dame shi ƙugiyoyi ne. In ya sa ɗ ko ƙ, a wasu kwamfutocin sai su fito kamar 'yan akwatuna. Karima ta ce ya haƙura da su, masu karatu za su gane. Ya haƙura, amma ya ce ji yake kamar ya fita ba hula. Ita kuma ta bi wuraren da ake neman shafuka ta yi rajistar sunan, ta tabbatar kalmar Miga tana saman komai.

Daga nan Labarin Gida ya koma na mako-mako. Duk Alhamis in an tashi aiki sai ya zo shago ya buga, don ya riga Juma'a. Bai bar gurza ta takarda ba, saboda masu jiran direbobi. Cikin wata na biyu saƙonni suka fara shigowa a ƙasan labarai. Wani ɗalibi daga Malesiya ya ce ya yi kuka da ya ga sunan unguwarsu. Wani daga Kumasi ya tambaya ko gwaggonsa tana raye, Ahmadu ya je Miga ya gano masa, ya rubuta cewa tana nan, har ta ce a gaya masa ya ji tsoron Allah ya zo. Kowane saƙo sai ya fara duba sunan da ke ƙasa kafin ya karanta na sama.

A ƙarshen labarin kowane mako yana ƙara layi biyu da ba na ƙungiya ba: "Wani uba a Limawa ya taba ce wa dansa kada ya rubuto masa. Ya janye maganar, bacin rai ne ya sa shi." Wata biyar layukan nan suna fita, ba amsa. Damina ta wuce, aka yi girbi, aka ɗaura auren Amina, duk ya rubuta.

Wata Alhamis Karima ta jawo kujera kusa da labule ta ce, "Baba, in faɗi wata magana? Mutum in ya gaji da neman garinsu bai samu ba, yakan daina. Amma da wuya ya daina gwada sunansa. Ba ka taɓa rubuta sunan ba."

Ahmadu ya san gaskiya ta faɗa. Amma sunan ɗan fari ne, kuma sunan mahaifinsa ne, bakinsa bai saba da shi ba balle ya baza shi duniya ta gani, tare da tonon asirin abin da ya faru a tsakar gidansa. Ya koma gida ya tarar da Kaltumi tana tankaɗe, ya zauna a kan turmi ya gaya mata. Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da kaɗa rariya.

"Rubuta, Malam," in ji ta. "Shekara biyar muna kunya, me ta kawo mana?"

Mako na gaba ya buga da manyan haruffa: "Izzuddeen Ahmadu Miga, mahaifinka ne ke magana. Na janye abin da na fada. Mahaifiyarka tana nan lafiya. Ka rubuto." Ya daɗe yatsansa a kan maɓallin kafin ya danna.

Sati bakwai aka yi. Ranar wata Asabar da hantsi yana zaune a zaure yana gyaran rediyo, sai ga Hashimu a kan babur, ko sallama bai gama ba ya ce Karima ta ce ya zo yanzu. Ahmadu ya hau baya da silifas ɗin wanka a ƙafarsa. A shagon ta juya masa gilashin ta koma bayan labule ta bar shi.

"Assalamu alaikum Baba. Na gani. Ina Bangazi ina aikin walda, lafiyata kalau. Ni ne ya kamata in nemi gafara, na dade ina so in rubuto ina jin nauyi. Ka gaida Inna da su Amina. Ashe Amina ta yi aure. Danka Izzuddeen."

Ya karanta sau uku. Ya sa hannun riga ya rufe fuskarsa yana kuka, samarin da ke sauran kwamfutocin suka sunkuyar da kai kamar ba su gani ba. Da ya natsu ya ce a buga masa a takarda. Bai jira babur ba, da ƙafa ya koma Limawa, takardar a hannu, yana amsa gaisuwar mutane bai san me yake ce musu ba. Kaltumi ta sa ya karanta mata har sau huɗu, sannan ta karɓi takardar ta shiga ɗaki ta turo ƙofa.

Karima ta buɗe masa imel, suka koma magana kai tsaye. Bayan wata biyu Izzuddeen ya aiko hoto. Ranar Kaltumi ta sa hijabinta ta bi mijinta shagon, zuwanta na farko. Aka zaunar da ita ɓangaren mata, Ahmadu yana tsaye a bakin labule. An yi rashin sa'a babban layin ya lalace, da na tarho ake aiki. Hoton ya riƙa saukowa kaɗan-kaɗan daga sama: bango, gashi, goshi, gira, idanu. Ta miƙa hannu ta taɓa gilashin. Da ya kai haɓa ta ce, "Ya rame." Aka jira ya sauko har ƙirji, sai ga wata mata a gefensa riƙe da jaririya. Ya yi aure a can, da 'yar mutanen Damagaram, yana jin nauyin faɗi da baki ne ya bar hoto ya faɗa musu.

Sai a 2006 ya zo, shi kaɗai, don matar tana da tsohon ciki ba ta iya hanyar sahara. Ya zama cikakken mutum, hannuwansa duk tabon wuta, Hausarsa ta ɗan gauraya da Larabci. Kwana ashirin da uku ya yi. Suka je Miga tare ya ziyarci kabarin kakansa, ya gyara wa mahaifiyarsa ƙofar ɗaki, ya ƙera mata murhun ƙarfe. Uba da ɗa ba su taɓa tayar da tsohuwar maganar ba, sai dai su zauna a zaure bayan la'asar suna hirar gona da ruwan sama. Ya ce in yaran sun yi ƙwari zai kwaso su gaba ɗaya ya buɗe shagon walda a Dutse. Da kwanakin suka cika ya koma. Ba a daɗe ba ya rubuto cewa matar ta sauka, an sake samun mace.

A shekarar da ta biyo baya Ahmadu ya yi ritaya. 'Yan'uwa suka ce ya dawo Miga, ga gida ga gona, ya ce tukuna, can babu inda zai duba saƙo. Ya ci gaba da zama a Limawa. Izzuddeen yana rubutowa duk wata, kowane karo da dalilin da ya sa tahowar ta ƙara nisa: takardun yaran ba su fito ba, maigidansa ya roƙe shi ya ƙara shekara, hanya ba ta da kyau bana.

Kaltumi ta sayi yadi mai furanni a kasuwar Shuwarin. Ta kira wata 'yar maƙwabta da aka ce sa'ar jikarta ce, ta auna ta da igiya, ta kai wa tela. Da aka kawo rigar ta shimfiɗa ta a kan gado tana dubawa, Ahmadu yana tsaye a bakin ƙofa.

"Malam, in ba su zo da salla ba, ai yarinyar za ta fi ƙarfin rigar."

"Sai a ba ƙanwar," in ji shi. "Ita kuma ki ɗinka mata wata."

Ta ninke rigar ta sa a ƙasan akwati, ta ɗora kanumfari a kai saboda asu. Sallar ta zo ta wuce ba su zo ba. Da azumi ya sake kusantowa, ta aika a kira mata 'yar maƙwabtan, ta ɗauko igiyarta.